Me Ya Sa 'Yan Resilin Suke Shiga Fage da Kayan Jaruman Fim da Katun?

Tambaya: Assalamu alaikum. Nakan kalli resilin tare da yarana, sai na lura wasu 'yan wasan suna fitowa da shigar jaruman fina-finai, ko na katun, ko na wasan bidiyo. Yaran ne ma suke gaya mini wannan shigar wane ce. Me ya sa suke yin haka? Masu fim ɗin ba sa kai su ƙara? Kuma ƙato kamar wannan ya shigo da kayan katun, ba ya zubar masa da kwarjini?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka uku ce a dunƙule, kuma duka suna komawa ga abu ɗaya, wato irin sana'ar da resilin take.

Ka san dai wasan tsararre ne. Wanda zai ci da wanda za a kayar an riga an yanke tun a bayan labule, ko da yake faɗuwar da karayar ƙashin na gaske ne. To tunda ba nasara ake sayarwa ba, abin da ɗan wasa yake sayarwa shi ne mutumin da yake zama idan ya fito: jarumi ne ko bos, mai girman kai ne ko wanda aka zalunta. Kuma lokacin da yake da shi don ya sanar da kansa kaɗan ne, daga labule zuwa igiyar dandamali, minti ɗaya ko biyu. Mutumin da ke kujerar ƙarshe a filin da ya ɗauki dubun dubatar jama'a ba ya ganin ƙwayar idonsa, launi da siffa kawai yake hangowa. Saboda haka kaya su ne suke fara magana. Kamar ɗan damben gargajiya ne, wanda tun bai ɗaga hannu ba kiɗansa da kirarinsa da layun da ke damtsensa sun gaya wa 'yan kallo ko wane ne ya shigo. Wanda ya ari shigar jarumin da mutane suka riga suka sani, ya yanke hanya ke nan: ƙaunar da suke yi wa wancan jarumin, ko tsoron da suke ji, sai ya biyo rigar.

Amma yanke hanya ba kullum yake kai mutum gida ba. Ni a ganina shigar aro tana yin aiki ne kawai idan ta faɗi gaskiya game da halin da ɗan wasan yake ciki a labarinsa. Babu misalin da ya fi na Sting.

Kafin 1996, Sting mutum ne mai farin gashi a tsaitsaye, fuska da fenti kala-kala, yana shigowa da ihu da tsalle, yara suna sonsa. A shekarar nan ne gungun nWo na su Hulk Hogan da Scott Hall da Kevin Nash suka mamaye kamfanin WCW. A cikin labarin, sai suka kawo wani ya yi shigar Sting ya kai wa Lex Luger hari, abokan Sting suka yarda cewa shi ne ya ci amanarsu. Da gaskiya ta bayyana, sai ya yi fushi ya juya musu baya. Bayan 'yan makonni ya dawo da wata kama dabam: fuska fara fat, baƙin fenti ya zagaye idanu ya gangaro, doguwar baƙar kwat har ƙasa, kulki a hannu. An ɗauko siffar ne daga fim ɗin The Crow na 1994 wanda Brandon Lee ya fito a ciki, kuma Scott Hall ne ya ba shi shawarar. Fim ɗin labarin mutumin da aka zalunta ne ya dawo ɗaukar fansa, ka ga ke nan rigar ta zo daidai da mai ita. Fiye da shekara guda Sting bai yi wasa ba, bai buɗe baki ya yi magana ba. Sai dai kyamara ta ɗaga sama ta nuno shi can cikin ƙarafan rufin zaure, a tsaye, yana kallon ƙasa, jama'a su ɗauki sowa. Wani lokaci ya sauko da igiya ya tarwatsa 'yan nWo ya koma. Da aka zo karawarsa da Hogan a Starrcade, babban shirin WCW na shekara, a Disamba 1997, babu wani shiri da WCW ta taɓa sayarwa kamarsa a tarihinta. Yau matasa da yawa idan suka ga wannan fentin Sting suke tunawa, ba su ma san akwai fim ba. Da wannan fuskar ya yi ritaya a kamfanin AEW a Maris 2024, kuma a daren 'ya'yansa biyu suka raka shi cikin tsofaffin shigarsa.

Shi ma Scott Hall ɗin, sunan da ya yi a WWF (tsohon sunan kamfanin WWE) daga 1992 a matsayin Razor Ramon, da sarƙoƙin zinare da tsinken sakace a baki da karyayyen harshe irin na 'yan Kuba, daga fim ɗin Scarface ya tsamo shi.

Wanda yaranka suka fi nuna maka, ina kyautata zaton Rey Mysterio ne, domin shi ya mayar da abin al'ada. Shi nasa salon dabam ne: ba ya sauya halinsa, yana nan a Rey ɗinsa, sai dai a babban dare ya ɗinka kaya na musamman. Tun yana WCW yake yin haka. A shirin Halloween Havoc na Oktoba 1997 a Las Vegas ya kara da Eddie Guerrero bisa sharaɗin cewa idan Eddie ya faɗi ya rasa kambunsa, idan Rey ya faɗi ya cire marufin fuskarsa. Sai ka san matsayin marufin fuska a kokawar Meziko kafin ka gane nauyin wannan sharaɗi. A can marufin shi ne mutuncin ɗan wasa, wanda aka cire wa a bainar jama'a ya yi babbar asara, kuma babban gwarzonsu El Santo da nasa aka binne shi a 1984. To a wannan dare Rey ya fito cikin riga shunayya tun daga kai har ƙafa, irin ta The Phantom, jarumin labaran zane na tun 1936, kuma marufin a haɗe yake da rigar. Eddie ya yi ta cusa yatsu a ramin idon yana ja har ya yage gefe, fatar fuskar Rey ta fara bayyana, 'yan kallo hankalinsu ya tashi. Kayan da kansu sun shiga cikin faɗan. Rey ya ci, kuma har yau ana lissafa wasan cikin mafiya kyau da WCW ta yi.

Da ya shiga WWE a 2002 sai ya riƙa yi a WrestleMania, babban bikin wasannin kamfanin na shekara-shekara: Daredevil a 2003, Flash a 2004, Joker a 2009 lokacin da ya kayar da JBL cikin daƙiƙa 21, shuɗayen mutanen fim ɗin Avatar a 2010, Captain America a 2011. Me ya sa tasa take karɓuwa? Domin Rey ƙaramin mutum ne a cikin ƙattai, fuskarsa a rufe, yana tashi sama kamar ba shi da nauyi. Tun kafin ya ari rigar kowa, yara sun riga sun ɗauke shi jarumin littafin zane. Rigar tana tabbatar da abin da ido ya riga ya gani ne.

Johnny Gargano ya ɗauki wannan dabara ya ƙara mata zurfi a NXT, sashen WWE na 'yan wasa masu tasowa. A 2018, lokacin da gabarsa da tsohon abokinsa Tommaso Ciampa ta fara cinye masa zuciya, sai ya fito da shigar Venom, wato baƙin abin da yake shiga jikin mutum ya juya masa hali. Da ya rikiɗe ya zama mai ɗaukar doka a hannunsa, ya sa ta Punisher. Daren da ya ci kambun NXT a New York a Afrilu 2019, Iron Man ya sa. Wanda ya san waɗannan labaran yana karanta inda aka dosa tun daga wandonsa, wanda bai sani ba kuma bai rasa komai ba, ya ga kaya masu kyau.

Japan kuwa sun wuce nan, domin su ba aron dare ɗaya suke yi ba, jarumin katun ɗin suke fitowa da shi da ransa, da izinin masu shi. Tiger Mask ya fara ne a matsayin labarin zane a 1968, labarin ɗan kokawa mai fuskar damisa da ya tashi a gidan marayu yake kuma mayar da abin da ya samu can. A Afrilu 1981 kamfanin New Japan ya sa wa Satoru Sayama wannan fuska ya haɗa shi da Dynamite Kid. Manya da yawa sun zo da niyyar raina abin, sai suka ga gudu da juyi irin wanda ba su taɓa gani ba. Sayama ya ajiye fuskar a 1983, wasu suka gaje ta, ciki har da Mitsuharu Misawa wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan ƙasar. Haka Jushin Liger: katun ne na Go Nagai da aka fara nunawa a 1989, bai cika shekara guda a talabijin ba, amma Keiichi Yamada da ya sa jar rigar mai ƙahoni a babban filin wasa na Tokyo Dome a Afrilun shekarar bai tuɓe ta ba sai Janairu 2020. Shekara talatin da ɗoriya.

Yanzu batun ƙara. E, ana kaiwa, ko a yi barazana, kuma wannan ne ya sa za ka ga shigar tana kama amma ba ta zama ita ce sak ba. A dokar Amurka, launi da yankan riga ba abin da wani zai ce nasa ne shi kaɗai ba ne, amma suna, da tambari, da ainihin siffar jarumi, duk suna da masu su. Don haka tela zai ɗauki launukan da tsarin layukan, sai ya cire tambarin asali ya sa na ɗan wasan a gurbinsa. Masu sharhi a talabijin su ma sau da yawa ba sa kiran sunan jarumin, sai su bar 'yan kallo su gane da kansu. Sa kaya sau ɗaya a dare ɗaya ba kasafai yake tayar da lauyoyi ba, domin talla ce kyauta ga masu fim. Inda rigima take shi ne kuɗi: ranar da aka ce za a buga riga a sayar, ko a yi 'yar tsanar roba, ko a sa shigar a wasan bidiyo, to sai an nemi lasisi ko a sauya zanen. Waƙoƙi ma haka ne. Da WWE ta sa tsofaffin wasannin kamfanin ECW a manhajarta, sai ta cire waƙar ƙungiyar Metallica da ɗan wasa Sandman yake shigowa da ita ta sa wani kiɗa.

WCW ta ɗanɗana wannan a 1991 da ta sa wa Brad Armstrong riga mai zanen yanar gizo-gizo ta kira shi Arachnaman, yana harba zare daga hannu. Kamfanin Marvel, mai mallakar jarumi Spider-Man, ya nuna ba zai lamunta ba, cikin 'yan watanni aka janye shi. Sunan Hulk Hogan kansa sai da aka yi yarjejeniya ta shekara 20 da Marvel a kansa, saboda koren ƙaton nan nasu mai suna Hulk. Gangrel na ƙarshen shekarun 1990, mai shigar masu shan jini, sunansa mallakar kamfanin wasanni ne mai suna White Wolf, da lasisi WWF ta yi amfani da shi.

Akwai kuma abin da mai kallo ba ya tunani a kai, wato ko kayan za su bar mutum ya yi aiki. Jarumin fim yana da masu gyara masa riga bayan kowane ɗauka, ɗan resilin kuwa zai yi minti ashirin ana jansa ana maka shi da ƙasa yana zufa. Shi ya sa kayan kashi biyu ne. Akwai na shigowa, su alkyabba da hular ƙarfe da fukafukai, waɗanda ake tuɓewa a bakin igiya. Akwai na wasa, da ake ɗinkawa da yadi mai talewa ta ko'ina, ɗinki biyu-biyu, ba ƙarfe ko wani abu mai kaifi da zai yanki abokin karawa. Marufin fuska yana rage gani ta gefe, yana kuma takura numfashi, ramin ido ya kauce kaɗan sai mutum ya yi tsalle bai ga inda zai dira ba. Yawancin 'yan wasa da kuɗin aljihunsu suke ɗinka kayansu, kuma teloli irin su Sandra Gray, wadda ta yi wa WCW da WWE da AEW ɗinki, suna da daraja sosai a bayan fage. Abin da ya sami Fred Ottman a Agusta 1993 darasi ne a kan wannan. An shirya gabatar da shi a WCW da sunan Shockmaster, aka kifa masa hular sojojin fim ɗin Star Wars da aka shafe da ƙyalƙyali, wadda da ƙyar yake gani ta cikinta. Aikinsa ya fasa bango ya fito. Ya fasa, ƙafarsa ta harɗe da katakon da ke ƙasa, ya kife, hular ta gangara, kuma kai tsaye ake nunawa. Mutum ne mai ƙwazo da ya yi shekaru a sana'ar, amma wannan daƙiƙar ta bi shi har ƙarshen aikinsa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma hular nan ba ta da wata alaƙa da shi ko da labarin da ake bayarwa.

Ba kayan jarumai kaɗai ake arowa ba, har da suturar titi. Raven a ECW daga 1995 yana shigowa da yagaggen gajeren jins, da baƙar jaket ta fata, da riga mai hoton mawaƙan rok ko na littattafan zane, ya je lungun dandamali ya zauna a ƙasa. Shigar matasan Amurka masu fushi da duniya ce ta wancan zamani, kuma suna ganinsa suka ga kansu. John Cena ya sha faɗa da bakinsa cewa ana dab da sallamarsa a 2002, sai a shirin bikin Halloween na shekarar ya yi shigar mawaƙi Vanilla Ice ya yi waƙar gambara, daga nan ƙofa ta buɗe. Ya koma sa jesin ƙungiyoyin ƙwallon kwando da na sauran wasanni, da sarƙa mai kwaɗo a wuya. Lokacin da yake bos, sai ya shiga gari sanye da jesin abokan gabar ƙungiyar garin, tun bai ce uffan ba zaure ya ɗauki ihu. Da ya zama babban tauraro sai jesin suka ɓace, rigunansa na kansa suka maye gurbinsu, kuma dalilin a fili yake: jesin wata ƙungiya ba ya kawo wa WWE ko sisi, rigar Cena kuwa ana sayar da ita a ƙofar kowane zaure.

To ko yana zubar da kwarjini? Tsofaffin 'yan wasa da yawa suna ganin haka, suna cewa mutum ya zama tauraron da za a kwaikwaya, ba mai kwaikwayon wasu ba. Akwai gaskiya a maganarsu, amma zamani ya juya. 'Yan wasan yau da katun ɗin Japan da wasan bidiyo suka tashi, masu kallonsu ma haka. Da 'yan New Day, wato Big E da Xavier Woods da Kofi Kingston haifaffen Kumasi a Ghana, suka fito a WrestleMania ta 2016 a Texas cikin sulken mayaƙan katun ɗin Dragon Ball Z, ba wanda ya tilasta musu, abin da suke so ne tun suna yara, kuma jama'a sun ji hakan a jikinsu. Bai hana Kofi cin babban kambun WWE a 2019 ba, ɗan Afirka na farko da aka haifa a nahiyar da ya riƙe shi. Kenny Omega sunayen kamunsa ma daga wasannin bidiyo ya ɗauko su, kuma a Janairu 2023 ya shiga Tokyo Dome cikin shigar Sephiroth na wasan bidiyon Final Fantasy VII, sannan shi da Will Ospreay suka yi wasan da babu mai kallonsa ya ce da wasa suka zo. Wanda ya fi burge ni a wannan fanni shi ne Finn Bálor. A 2014, lokacin da yake amfani da sunan Prince Devitt, yakan shafe jikinsa da fenti ya zama Venom ko Joker ko Carnage. Da ya shiga WWE inda ba za a iya sayar da siffar wasu ba, sai ya narkar da su duka ya fitar da tasa dodanniyar kama mai baƙi da ja da haƙora a wuya, wadda ba mai ita sai shi.

Abin da nake ƙi, kuma nake ganin shi ne yake zubar da kwarjini da gaske, shi ne idan kamfani ya karɓi kuɗin talla ya ɗora wa wasa abin da ba nasa ba. Shigowar Triple H a WrestleMania ta 2015 da ƙoƙunan kan Terminator talla ce ga sabon fim ɗin da ke fitowa a shekarar, amma aƙalla ta dace da mutumin da ya daɗe yana nuna kansa a matsayin sarkin yaƙi. A Mayu 2021 kuwa, don tallar fim ɗin Army of the Dead, aka zagaye dandamali da masu shigar gawarwaki masu tafiya a wasan Miz da Damian Priest, har suka rufar wa Miz a ƙarshe. 'Yan wasa biyu masu ƙoƙari aka mayar allon talla, kuma masu kallo sun nuna ɓacin ransu sosai.

Wani wuri da za ka ƙara lura da wannan al'ada shi ne wasannin da WWE take yi a Saudiyya. Da aka yi wasan mata na farko a Riyad a Oktoba 2019, Natalya da Lacey Evans sun sa riga mai rufe jiki duka, suka ɗora manyan riguna masu gajeren hannu a kai, abin bai yi fasali ba. Daga baya teloli suka gane cewa rigar da ta rufe mutum daga wuya zuwa idon sawu ita ce ainihin yankan kayan jaruman littattafan zane da na mawaƙa, sai suka riƙa ɗinka ta da gangan a kan wannan tsari. A Jidda a Fabrairu 2022 Liv Morgan ta fito da jar riga mai sheƙi irin wadda mawaƙiya Britney Spears ta yi suna da ita, Rhea Ripley kuma da baƙa mai kama da ta Catwoman. In ka sake zama kallo da yaran, ka tambaye su shigar wane ce, sannan ku duba tare ko ta dace da rigimar da ɗan wasan yake ciki a wannan daren.